Igiyar Dodo: sharhi a kan tsoron wasa, daga tashen Gure zuwa gidajen ban tsoro na Halowin

1. Gabatarwa

Manazarta adabin baka na Hausa sun daɗe da amincewa cewa tashe wasan kwaikwayo ne. Tun daga littafin M. B. Umar mai suna Wasannin Tashe (1981) har zuwa ayyukan da suka biyo bayansa a Kano da Zariya da Yamai, akasarin nazarin ya karkata ne ga abu biyu, wato raha da gargaɗi. Ana nuna yadda yara ke kwaikwayon malami da boka da tsoho da gwauro, a fito da darasin da ke cikin kowane wasa, a rufe babi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tsoro. Alhali kuwa duk wanda ya tashi a gidan da 'yan tashe ke shiga ya san cewa kafin manya su fara dariya, akwai ƙanana da suka riga suka ruga suka ɓuya a bayan zanen uwayensu.

A cikin wannan maƙala muna so mu ɗauki wannan tsoro da muhimmanci, mu dube shi a matsayin wani ɓangare na fasahar wasan. Don mu gan shi da kyau, za mu ajiye shi kusa da wani abu da ya yi nisa da shi ƙwarai, wato gidajen ban tsoro da manyan dandalolin shaƙatawa na Amurka ke ginawa a lokacin bikin Halowin. Wurin da muka tsaya muke kallo shi ne Gure, a jahar Damagaram, kimanin kilomita 170 gabas da birnin Damagaram a kan hanyar Difa. Gure tsohuwar hedkwatar sarautar Muniyo ce, inda Heinrich Barth ya yada zango a watan Disamba na 1852. Garin Mangawa ne, amma Hausa ce harshen kasuwa da na wasan yara da yawa, kuma wannan cuɗanya za ta yi mana amfani a gaba.

2. Yadda ake sayar da tsoro

Halowin na faɗowa ne a daren 31 ga Oktoba. Al'adar yara su yi shigar ban tsoro su bi gida-gida suna karɓar alewa ta yi kama da tashe har ta kai ga wasu na cewa abu ɗaya ne, amma ba ita ce ta dame mu a nan ba. Abin da muke dubawa shi ne sana'ar da ta tsiro a gefenta. A 1969 kamfanin Disney ya buɗe gidan fatalwa a Disneyland, inda ake amfani da gilashi da haske a nuna wa mutane inuwoyi suna rawa, dabarar da aka sani a gidajen wasa na Landan tun 1862. A 1973 dandalin Knott's Berry Farm da ke Kalifoniya ya mai da filinsa wurin ban tsoro na 'yan kwanaki. A 1991 Universal Studios na Orlando ya fara nasa da dare uku da gida ɗaya tak. A 2023 bikin na Orlando ya kai dare 48, da gidaje goma da filayen firgita biyar.

Akwai bambanci tsakanin waɗannan abubuwa biyu, gida da fili. Gidan ban tsoro lungu ne mai murɗe-murɗe da aka gina da katako, mai ƙofar shiga ɗaya da ta fita ɗaya. Mutane na bin layi suna tafiya a jere cikin duhu, 'yan wasa kuma na laɓe a cikin ramukan bango, kowa da maɓallin da zai taka ya saki ƙara da walƙiya a daidai lokacin da zai faɗo. Ana sa wani abu a gefen dama ya ja ido, mai firgitarwa ya fito ta hagu. Filin firgita kuwa wani yanki ne na titin dandalin, a sarari, wanda aka cika da hazon inji. A nan 'yan wasa ke yawo cikin jama'a, wasu da zarton inji da aka cire wa sarƙa, sai ƙara kawai, wasu kuma, musamman a Knott's, sun ɗaura ƙarfe a gwiwa da hannu suna sulalowa a ƙasa, tartsatsi na tashi, su tsaya cak a gaban ƙafar mutum.

Dukkan wannan gini yana tsaye ne a kan doka ɗaya da manyan dandalolin ke bi: ɗan wasa ba ya taɓa mai kallo, mai kallo ba ya taɓa ɗan wasa. Mai sayen tikiti ya san wannan tun daga ƙofa. Abin da ya saya ke nan, a kawo masa mutuwa har tazarar taƙi ɗaya daga hancinsa, sannan a janye ta.

Masu bincike sun auna wannan ciniki. A 2020 wata tawaga daga jami'ar Aarhus ta Danmak, ciki har da Marc Andersen da Mathias Clasen, ta buga sakamakon nazarin da ta yi a wani gidan ban tsoro da ke garin Vejle. Sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka ɗauki hotonsu, suka yi musu tambayoyi bayan sun fito. Abin da suka samu shi ne jin daɗi na ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani matsayi, daga nan sai ya fara raguwa. Idan tsoron ya yi kaɗan, gundura. Idan ya yi yawa, azaba. Sakamakon ba zai ba wata kaka a Gure mamaki ba, domin duk mai ba da tatsuniya ta san inda za ta sassauta murya idan ta ga jikanta ya fara rawar leɓe. Amfaninsa a gare mu shi ne ya tabbatar da cewa tsoron wasa abu ne da ake aunawa, saboda haka dole akwai mai awo. Tambayarmu ita ce: wane ne shi, kuma a ina yake tsaye?

3. Farin wata da igiya

Ana fara tashe ne idan azumi ya kai kwana goma. Ana yawan bayyana wannan da cewa a lokacin jiki ya saba da yunwa, mutane sun sami sukunin dariya. Muna ganin akwai wani dalili da ya shafi dandamalin wasan kansa. Daga goma ga wata zuwa wajen sha bakwai ne farin wata ya fi haske a farkon dare. A gari irin Gure, inda rairayi ke mayar da hasken, yaron da ya shafa toka ko bula ya rataya tsummoki ana hango shi tun daga bakin lungu. Injiniyoyin Orlando na kashe kuɗi su ƙera duhu da hazo don kada a ga abin da ke zuwa. Tashe ya zaɓi daren da aka fi gani. Haka kuma ba ya zuwa a ɓoye: ana jin gwangwani da tafi da amshi tun suna gida na uku, a yi sallama a zaure, a ba da izini ko a hana. Firgitar bazata, wadda ita ce jarin gidan ban tsoro, kusan babu ita a nan. Abin da ke akwai shi ne jira, yaro yana jin abin yana matsowa gida bayan gida, ya san zai iso.

Idan sun shigo tsakar gida, abin da ya kamata manazarci ya sa wa ido shi ne igiya. A cikin wasanni da dama, wanda ya yi shigar dodo ko ta wata dabba yana ɗaure ne a ƙugu, wani yaro kuma na riƙe da bakin igiyar. Dodo ya zabura ya yi kan ƙananan yara, su watse da ihu, mai igiya ya fizgo shi baya. Ya sake zabura, a sake fizgowa. Wannan saki da ja shi ne awon da muka ambata, kuma ana yin sa a gaban kowa. Mai igiya yana kallon fuskokin 'yan gida. Idan ya ga yarinya ta fara kukan gaske sai ya rage tsawon igiyar, idan ya ga wani ɗan ƙiriniya yana cika baki sai ya ƙara masa kamu ɗaya. A ra'ayinmu shi ne babban ɗan wasan, ko da yake bayanan da ake rubutawa a kan tashe sukan ƙare a kan tufafin dodo da kalmomin waƙa, a bar shi a matsayin ɗan rakiya.

Wannan igiya ba a tashen yara kaɗai take ba. A Kano, Nalako, sarkin gwagware, da igiya yake kama gwauro a zaga gari da shi. Gardawa masu wasa da kura, waɗanda Pieter Hugo ya ɗauki hotunansu a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 har suka zaga duniya, da sarƙa da takunkumi suke aiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irarsu ranar kasuwa ya san yadda take buɗewa da rufewa: gardi ya saki sarƙa kaɗan, jama'a su ja da baya suna tattake juna, ya janye, su dawo suna dariya. Wannan shi ne filin firgita na ƙasar Hausa, kuma ya girmi na Kalifoniya nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne kurar ta gaske ce, kuma ba wata takardar doka tsakaninka da ita sai damtsen gardi.

Saboda haka muna cewa duka tsarin biyu suna da igiya. Ta dandalin Amurka ba a ganinta: tana cikin dokar hana taɓawa, da yarjejeniyar inshora, da ma'aikatan da ke tsaye a kusurwa da tocila, da kyamarori. An ɓoye ta da gangan, domin in mai kallo ya gan ta, kayan da aka sayar masa sun lalace. Ta tashe kuwa a fili take, kuma ganinta wani ɓangare ne na daɗin wasan. Yaron da ke ɓoye a bayan uwarsa yana kallon abu biyu a lokaci guda, dodo da hannun da ke riƙe da shi, kuma hannun na wani ne da ya sani, yayan abokinsa ko almajirin makarantar allon unguwarsu. Ba a daɗewa wata daga cikin matan gida za ta ce, “Kai, wannan ba ɗan gidan wane ba ne?” Da zarar an kira sunan dodo, wasan ya juya ya zama dariya. A Orlando kiran sunan ɗan wasa ɓata wasa ne. A tsakar gidan Gure shi ne ƙololuwar wasan.

Biyan kuɗi ma ya bi wannan tsari. A can ana biya kafin a shiga, mai tsoro ne ke zuwa wurin dodo. A nan dodo ne ke zuwa, a biya shi bayan ya gama, da ɗan hatsi ko dala biyar, kuma abin da ake bayarwa sadaka ce ta watan azumi, sannan sallama ce. Mai gida na da ikon ƙin bayarwa, 'yan tashe na da ikon yi masa waƙar rowa a ƙofar gida.

4. Inda Caillois ya yi tuntuɓe

Ɗalibanmu da suka karanta Les jeux et les hommes (1958) na Roger Caillois za su gane cewa abin da muke bayani ya faɗa cikin rukuni biyu daga cikin huɗun da ya kasa wasanni: kwaikwayo da juwa (vertige), wato neman ruɗewar hankali da gangan. Rabon yana da amfani kuma muna aiki da shi. Matsalar tana cikin tarihin da ya ɗora a kansa. A ganinsa akwai al'ummomin hargitsi, waɗanda abin rufe fuska da juwa ke mulki a cikinsu, ya kuma sa yawancin Afirka a nan. Akwai kuma al'ummomin lissafi, waɗanda suka bar wannan mataki suka koma ga gasa da sa'a, ba abin da ya rage musu na dodo sai ɓurɓushi a filin idin gari da bikin kanibal.

Shekara sittin da 'yan kai bayan littafin, ɓurɓushin nan ya zama masana'anta. Ƙasar da ta fi kowace lissafi ita ce ke ɗaukar ɗaruruwan mutane aiki kowace kaka don su rufe fuska su firgita 'yan uwansu, kuma kayan na tafiya: a watan Oktoba na 2022 an yi ƙarshen mako na shigar ban tsoro a dandalin Boulevard na birnin Riyad. A ɗaya gefen, wasan da zai kira na hargitsi cike yake da lissafi. Akwai ranar farawa, akwai iyakar unguwa, akwai gidajen da ba a shiga, akwai rabon abin da aka samu a ƙarshen dare, wanda kan jawo gardama fiye da wasan kansa. Wanda ya sha toka da zafin tsumma sau da yawa ba shi ke ɗaukar babban kaso ba. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan wasan dandalolin Amurka, waɗanda aikinsu na 'yan makonni ne kuma sukan sha naushi daga masu kallon da suka firgita, za su fahimci karin maganar ba tare da sharhi ba.

5. Wa ake mayarwa dodo?

Kada a ɗauka muna wanke tashe ne. Duk wasan da ke buƙatar dodo sai ya samo fuskar da zai ba shi, kuma yakan samo ta ne a wurin wanda ba ya da bakin ramawa. Gidajen Amurka sun daɗe suna amfani da asibitin mahaukata a matsayin dandamali. A watan Satumba na 2016 Knott's ya rufe wani wasansa mai suna FearVR bayan iyalai da ƙungiyoyin masu kula da taɓin hankali sun yi ƙorafi. A tashe ma akwai wasannin da abin dariyarsu ko abin tsoronsu shi ne baƙauye, ko mahaukaci, ko ɗan wata ƙabila mai gurɓatacciyar Hausa. Macukule sananne ne a wannan fanni.

A nan Gure ke da abin koyarwa. Gari ne da Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya, saboda haka wanda aka kwaikwaya yana iya kasancewa a zaune a kan tabarmar gidan da aka shiga. Inda akwai taubasantaka, kamar tsakanin Barebari da Fulani, tsokanar na da hanyar ramuwa, kuma wannan al'ada ce UNESCO ta sa cikin jerin gadon 'yan Adam da sunan Nijar a 2014. Inda babu ita, abin da yaro ke koya daga wasan shi ne wane ne ya halatta a ɗaura wa igiya. Mahaukacin unguwa ba taubashin kowa ba ne.

6. Idan igiya ta tsinke

A ranar 11 ga Mayu 1984 gobara ta tashi a gidan ban tsoro na dandalin Six Flags Great Adventure a jihar New Jersey, matasa takwas suka mutu. An haɗa gidan ne da akwatunan tirela, babu na'urar yayyafa ruwa, kuma duhu da murɗe-murɗen da aka gina don ruɗa mutane su ne suka hana su samun ƙofa. Amsar da aka bayar ita ce ƙara ƙarfin igiyar da ba a gani: aka tsaurara dokokin gini na irin waɗannan wurare, aka wajabta na'urorin gano hayaƙi da alamun mafita. Ba a hana wasan ba.

Namu tsinkewar ta zo ta wata hanya. A 2024 rundunar 'yan sandan jihar Kano ta hana tashe, bisa dalilin cewa 'yan daba na fakewa da shi suna fashi da ƙwacen waya. Dalilin ba ƙarya ba ne, kuma ya yi daidai da abin da muka bayyana. Tashe na aiki ne muddin ana iya kiran sunan dodo da na mai riƙe da shi. A unguwar da ta cika har maƙwabci bai san ɗan maƙwabcinsa ba, matashi mai rufaffiyar fuska da dare ya daina zama ɗan wasa, ya zama abin da yake kwaikwaya. Sai dai hani na gaba ɗaya ya fi faɗawa a kan yara masu gwangwani, waɗanda ke jin tsoron hukuma, fiye da masu wuƙa.

Akwai hanya ta biyu da masu kula da al'adu suka fi so, wato a ɗauke wasan daga lungu a kai shi dandamali. Wagadugu ta gwada wannan. Wasan Dodo na can, wanda Priscilla Hinckley ta yi nazari a kansa a mujallar African Arts a 1986, fatake Hausawa ne suka kai shi, a watan azumi ake yin sa, kuma da farko gida-gida yara ke bi. Daga baya aka mai da shi gasa mai alƙalai da kyaututtuka. Fuskokin sun ƙara kyau, rawar ta ƙara tsari, kuma ba mu raina wannan ba. Amma dodon da ke kan dandamali, jama'a na kan benci, alƙali na rubuta maki, ba ya buƙatar a riƙe shi, domin tazarar da ke tsakaninsa da yara ta riga ta yi aikin. Mai igiya shi ne na farko da ke rasa aikinsa, ko a bar shi da igiyar ado.

Duk lokacin da aka kawo shawarar shirya gasar tashe a gidan matasa na wani gari kamar Gure, wannan ne abin da muke so a auna. Garin bai kai girman da za a kasa gane ɗan wane ba ne a ƙarƙashin toka, kuma masu unguwanni da malaman allo na iya sanin kowace ƙungiya da wanda ke jagorantarta ba tare da an nemi takarda ba. Abin da ya fi sauya wasan a 'yan shekarun nan ƙarami ne: tocilar wayar salula. Yaro ɗan shekara shida kan karɓi wayar yayarsa ya haska fuskar dodo tun yana zaure, ya kira sunansa kafin a saki igiya ko sau ɗaya. 'Yan tashe sun fara mayar da martani da fuskokin roba na kasuwa, irin waɗanda ake ƙerawa a Sin domin Halowin, masu rufe kai gaba ɗaya, waɗanda haske ba ya tona su. Ga mai nazarin da zai bi ƙungiya ɗaya dare goma a jere, muna ba da shawarar ya rubuta tsawon igiyar, da sunan unguwar mai riƙe da ita, da kuma minti nawa ake ɗauka a kowane gida kafin wata ta gane ko ɗan wane ne.